Karena ya maida kujerar salo gadonsa, ya zan yi?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Kare ne ɗan wata 7, na gadi. Tun shigowar hunturu, da an bar ƙofar salo buɗe sai a iske shi kan doguwar kujera, wani lokaci kan katifar yara. An tsawata, an yi bulala, yana jin motsin mutum sai ya diro, ana fita ya koma. Ina mafita?

Baban Yara, Zariya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye bulalar nan. Abin da ta koya masa kawai shi ne kada ya hau in kana nan. Kare yana haɗa sakamako da abin da ya yi cikin daƙiƙa 1 zuwa 2, in ka dawo ka iske gashi kan kujera ka buge shi, bai san laifinsa ba, tsoronka dai zai ƙaru.

Sanyin siminti yake gudu. Ka yi masa wurinsa tukun: katako ko ƴan buhuna da za su ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 10, da tsohon bargo, a lungun da iska ba ta bugawa amma yana hango mutanen gida. In ka kai shi can bayan gida shi kaɗai ba zai zauna ba.

Sai koyarwa. Dafa hanta ko kaza babu albasa (albasa guba ce ga kare, shi ya sa kilishi bai dace ba), ka yanka kamar ƙwayar gyaɗa, guda 20. Riƙe ɗaya gaban hancinsa, ka ja shi zuwa bargon, ƙafafu huɗu na hawa ka ce "wurinka" ka ba shi nan take. In ya kwanta ka ƙara biyu. Minti 5, sau 3 a yini, kafin abinci ba bayan ya ƙoshi ba. Kwana biyu na farko kana tsaye kusa, daga nan ka ja taki ɗaya, sai biyu, kana tsawaita jira daga daƙiƙa 5 zuwa 30 zuwa minti. In ya tashi kafin ka sallame shi, ka yi sauri ne, koma matakin baya.

Hajiya Mai Kiwo: Gaskiyar Malam. Sai dai duk wannan aikin banza ne in ƙofa na buɗe ba kowa. Kowane hawa da ya yi ya sha barci, lada ya samu. A rufe salo na aƙalla wata guda, in babu ƙyaure a jingine matasan kujerar a kife kujeru ƴan tsugunno a kai. A wanke rigar kujerar kuma, warinsa na jikinta yana kiransa. Yara fa? In kai ka hana, su suna kiransa kan katifa bayan idonka, ka zuba ruwa a rariya.

Ɗan Bagalam: Na gode Hajiya. To in na kama shi kan kujerar fa?

Baban Yara, Zariya: Ka ce "sauka" sau ɗaya, ka nuna ƙasa, yana sauka ka tura shi wurinsa, a can za ka ba shi ladan. In ka ba shi a gindin kujera zai gane hawa da sauka sana'a ce. Kada ka kama wuyansa ka fizgo, nan ake samun cizo. Bar masa igiya mai mita 2 tana jan ƙasa lokacin da kake gida, da ita za ka jawo shi a hankali. Ka cire ta in za ka fita, tana iya sarƙewa ta shaƙe shi. In ya yi gurnani ko ya yage baki, a janye yara daga wurin, a tabbatar an yi masa allurar haukan kare wajen likitan dabbobi.

Hajiya Mai Kiwo: Kar a watsa barkono ko fiya-fiya kan kujera wai don kora, idonsa da na yara za su sha. A duba kunnuwa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Kuma zafi na kamawa a watan 4 zai guje bargon, lokacin sai a maida "wurinka" kan jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin bedi, a sake maimaita darasin kwana biyu ko uku a sabon wurin.