Tsoron motsa jiki bayan bugun zuciya

Malam Idi: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da aka sallame ni bayan bugun zuciya. Likita ya ce in riƙa tattaki, amma da zarar na ji zuciyata ta ƙara sauri sai in nemi wuri in zauna. Barci ya ƙaurace mini, ba na ma son ganin mutane. Ina neman shawararku.

Hajiya Binta: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Abin da ka lissafa ya fi kama da ciwon damuwa, wanda ke kama kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi bugun zuciya, kuma shi ne ke raya wa mutum cewa ba zai iya ba, zaman wuri ɗaya kuma ya ƙara masa nauyi. Tunda abin ya wuce mako biyu, ka faɗa wa likita ƙarara. Akwai takarda mai tambayoyi tara, PHQ-9, da suke auna shi da ita, kuma yana da magani.

Baban Usman: Yaya Idi, ka tambaya ko asibitinku yana da shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, inda ake motsa jiki a gaban ma'aikatan lafiya. Lallashin iyalina bai cire mini tsoro ba. Ranar da na yi minti 10 a kan injin tafiya, ina kallon bugun zuciyata a allo ya hau ya sauko lafiya, ranar na fara yarda da jikina.

Malama Hadiza: Ƙarin sauri lokacin tafiya aikin zuciya ne, Malam, ba alamar haɗari ba ce. Idan kana iya magana kana tafiya, ba ka wuce kima ba. Wannan ya fi ƙirga bugu amfani ga mai shan magani irin atenolol, domin yana rage saurin bugun. Ka fara da minti 5, kana ƙarawa sannu a hankali zuwa minti 150 a mako idan likita ya amince. Amma ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, ka tsaya nan take ka nemi asibiti.

Malam Idi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan ga likita, kuma zan fara da maganar barcin, wadda na daɗe ina ɓoye masa.