Nural netwok ɗinmu na ta ƙararrawar ƙarya, ina matsalar take?

Sani_ZooRoad:
Assalamu alaikum, masana. Netwok ne na wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Kano, kwamfuta 60 da rauta (na'urar raba intanet) ɗaya ƙirar MikroTik. An horar da nural netwok, wato manhajar da ke koyo daga misalai, da NSL-KDD, wani tarin bayanan zirga-zirgar netwok, don ya riƙa kama kutse. A gwaji da ƙyar ya yi kuskure, amma da aka jona shi a layi sai ihu ba dare ba rana. A taimaka.

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Matsalar daga tushe take. An tace NSL-KDD ne daga bayanan gasar KDD Cup ta 1999, lokacin da babu WhatsApp balle YouTube, don haka duk abin da ɗalibanku suka buɗe baƙo ne a wurin nural netwok ɗin. Tarin bayanai na CICIDS2017 da UNSW-NB15 sun fi sabunta, amma su ma a ɗakin gwaji aka haɗa su.

Ka tara naka bayanan. Saita suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ya riƙa kwafo duk abin da ke wucewa zuwa kafa ɗaya, ka jona kwamfutar da ke ɗauke da Zeek, manhajar da ke rubuta bayanan zirga-zirgar netwok, ka bar ta sati biyu zuwa huɗu. Daga conn.log, fayil ɗin da Zeek ke rubuta kowane haɗi a ciki, ka ɗebi tsawon lokacin haɗi, yawan bayit da fakitin da suka fita da waɗanda suka shigo, da yadda haɗin ya ƙare. Cire adireshin IP, in ba haka ba nural netwok ɗin zai haddace na'ura ne maimakon halinta. Sai ka horar da otoenkoda, wato nural netwok mai koyon sake zana abin da aka ba shi, da wannan zirga-zirgar ta yau da kullum. Abin da ya kasa sake zanawa daidai, shi ne abin zargi. Ka raba bayanan bisa lokaci, satin ƙarshe na gwaji, kada ka cakuɗa su.

Hajiya_Rukayya:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a yi lissafi. Idan haɗi miliyan 1 ke wucewa a rana, kuskuren 1 cikin 100 ƙararrawa 10,000 ke nan. Wa zai duba su? Ranar uku za a daina kulawa, a nan ɓarawo zai wuce. Ka ɗaga ma'aunin zargi har ƙararrawar ta dawo 20 ko 30 a rana, kuma kada ka ba nural netwok ɗin ikon toshe kowa da kansa. Manhajar gano kutse ta Suricata ta riƙa kama sanannun hare-hare, shi kuma nural netwok ya nemo baƙi.

Auwal_Kabuga:
Ƙari a kan na Hajiya: wuta. Yawancin rautocin MikroTik ba su da batirin agogo, da an ɗauke wuta lokaci ya rikice har sai NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, ya gyara. Kuma da an tayar da janareta, kwamfutoci 60 za su nemi DHCP (mai raba adireshin IP) da DNS (mai nemo adireshin shafuka) a tare, abin ya yi kama da hari. Ka tabbata irin waɗannan mintuna suna cikin bayanan horo. Haka lokacin rajistar JAMB da watan azumi, yanayin amfani yana sauyawa, sai an sake horarwa. Kafin nan ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, domin idan akwai mai ɗauke da ƙwayar cuta a satin da kake tara bayanai, nural netwok ɗin zai koyi cewa hakan lafiya ne.