Wace hanya zan bi wajen raunata lakar ɓera?

Ɗalibar Rikkos:
Assalamu alaikum. Ina mastas a nan Jos, aikina kan raunin lakar baya ne a ɓerayen Wistar (fararen ɓerayen da ake gwaji da su), malamina ya ce in zaɓi hanyar yin raunin da kaina, ni kuma kaina ya kulle wallahi, don ba mu da injin Jami'ar New York (NYU) ɗin nan mai sako ƙarfe giram 10 a kan laka. In yanke ta kawai ko yaya?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Yankewa ta fi sauƙi kam, amma ki duba waɗanda ake kawo mana daga hatsarin hanyar Akwanga, da wuya ki ga laka ta rabu biyu, bugu take sha ko ƙashi ya danne ta. Shi ya sa tun 1911 wani mai bincike, Allen, ya fara sako nauyi a kan lakar karnuka. Tunda ba inji, ki bi hanyar masu bincike Rivlin da Tator ta 1978, a buɗe ƙashin baya a matse lakar da ɗan kilif, wato ƙaramin abin matsewa. Kuma ɓera na yin ɗan rami mai ruwa a wurin raunin kamar mutum.

Baban Lab:
Ƙanwata tiyatar ba ita ce wahalar ba, jinya ce. In kin yi raunin a T9 ko T10, wato gaɓa ta tara ko ta goma ta ƙashin baya a daidai ƙirji, ɓerayen ba sa iya fitsari da kansu, sai kin riƙa matsa mafitsara da yatsu a hankali sau biyu ko uku kullum har sati ɗaya zuwa biyu, shi ya sa aka fi amfani da matan, nasu ya fi saurin fita. Ni lokacin hunturu na yi nawa, aka ɗauke wuta da dare, da safe na tarar da biyu sun sandare a kan dusar katako, har yau abin na damuna. Ki tanadi abin ɗumama su da maganin zafin ciwo, ki sauko da abinci da ruwa ƙasa inda za su kai.

Likitan Ƙashi:
Awon tafiyar ɓeran bayan rauni kuma da ma'aunin BBB na 1995 ake yi, ana ba da maki daga 0 (ƙafafun baya ba motsi) zuwa 21 (tafiya lafiya lau). Mutum biyu su kalli ɓeran minti huɗu, kar su san wanne ya sha magani. Takardar kwamitin kula da dabbobi fa?

Ɗalibar Rikkos:
Na shigar, ina jira. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baban Lab don Allah in na samu izini zan neme ka ka nuna min matsa mafitsarar da hannu.