Sarƙa mai siffar al'aurar mace: yaya ake kallonta a Turai?

Ɗaliba a Landan: Assalamu alaikum. A ajinmu akwai wata Baturiya da ke sanya sarƙar azurfa wadda aka ƙera da siffar al'aurar mace, kuma ta shaida mini cewa manufarta ita ce kada mace ta ji kunyar jikinta. Na rasa abin da zan ce mata. Shin haka kowa ya ɗauki abin a nan?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba kowa ba ne. Masu fafutukar 'yancin mata ne suka fi rungumarsa, kuma irin wannan tunani ne ya haifar da Vagina Museum, gidan tarihi kan al'aurar mace da aka buɗe a unguwar Camden ta Landan a 2019, amma Turawa da yawa suna ganin bai dace ba a ofis ko a gaban yara. Abin kuma ba sabo ba ne, domin a Holan da Beljiyam an tono ƙananan lambobin dalma na ƙarni na 14 da na 15 masu wannan siffa, waɗanda masana da dama ke ganin ana maƙala su ne don kariya daga mugun ido.

Ma'aikaciyar jinya: Ni dai ba zan sanya ba, domin addinina da tarbiyyata sun koya mini suturta al'aura. Sai dai na ga matan da kunya ta hana su faɗa wa likita ciwon da ke damunsu har ya yi tsanani, shi ya sa nake ganin ki saurare ta cikin mutunci, sannan ki bayyana mata naki dalilin.