Neman kalma: "sola mai rini" da "awon bakan haske"

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai, musamman 'yan fiziks da kemistiri na nan Bauchi da Gombe. Kalmomi biyu nake so mu tsayar: sunan wata irin sola, da sunan aikin rarraba haske a auna shi, domin mu daina cewa "sifektiroskofi" mutane suna kallon mu.

Ta farko ba ta da wuya. Akwai wata sola da Michael Grätzel da Brian O'Regan suka bayyana wa duniya a 1991, wadda a lokacin take mayar da kimanin kashi 7 cikin 100 na hasken rana lantarki. Ba silikon a cikinta. Gilashi ne ake shafa wa taitaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sa wa a fenti da man goge baki, sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne ainun, kusan nanomita 20 kowace. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Garin kansa ba ya shan hasken da ido ke gani, sai wanda tsawon zangonsa ya gaza nanomita 390 ko kusa da haka, shi ya sa yake fari. Don haka ake tsoma shi a rini. Rinin ne ke shan haske, ya cilla ilektiron cikin garin, ruwan aidin ya mayar masa da wani.

Wasu sun ce "sola mai launi". Ban yarda ba. Launi sakamako ne, rini kuwa aiki ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofi ya san baba shiga zare yake yi ya kama, ba zama yake a sama kamar fenti ba. Haka rinin nan yake manne wa kowace ƙwaya. "Sola mai rini" ta wadatar.

Ta biyun, wato madadin "sifektiroskofi", ita ce ke da gardama. Wani malami ya kawo "nazarin launuka", wata ɗaliba daga Gombe ta ce "tantance haske". Ranka ya daɗe malam, matsalar taka ita ce rabin aikin ba a launi yake ba: na'urar da ake wannan aiki da ita tana auna hasken da ke gaba da shuɗi da wanda ke bayan ja, waɗanda ido bai isa ya gani ba. Ta 'yar uwarmu ta fi kusa, amma ba ta faɗi abin da ake tantancewa ba.

Ni "awon bakan haske" nake goyon baya. Kowa ya san bakan gizo, haske ne ya rabu kashi-kashi bisa tsawon zangonsa. Idan muka ce bakan haske, mun haɗa wanda ake gani da wanda ba a gani. Na zaɓi "awo" a kan "nazari" saboda lambobi ake fitarwa. Zuba ruwan zoɓo a na'urar, za ka ga ya fi shan haske wajen nanomita 520 zuwa 550, wato kore, shi ya sa yake fitowa ja. Kuma zoɓon nan da gaske ana gwada shi a wannan sola, shi da lalle, ko da yake ƙarfinsu bai kai ko kusa da na rinin da ake yi da ƙarfen ruteniyam ba. Da wannan awon ne kuma, ta walƙiyar leza, aka gano cewa ilektiron na iya tsallakawa daga rini zuwa gari cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan.

Kalmar tana kuma haihuwa: na'urar ta zama "ma'aunin bakan haske", zanen da take fitarwa "bakan zoɓo" ko "bakan lalle". Ɗalibi zai iya cewa "na auna bakan rinina" ba tare da ya ciji harshe ba.

Abin da ya rage mini shi ne sunan garin mai ƙwayoyin nanomita. "Garin nano" nake riƙe da shi yanzu. Mai wata ya kawo ta cikin cikakkiyar jimla, mu ji yadda take zama a baki.