Ƙwallo na maƙalewa a bakin allo, wani lokaci ta fice baki ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Faɗin allon wasan bidiyon da nake haɗawa fiksel 800 ne. Na sa idan ƙwallo ta taɓa gefe a juya alamar (+ ko −) vx, wato gudunta zuwa dama ko hagu, amma sai ta maƙale tana karkarwa, in kuma gudunta ya yi yawa ta ɓace. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka juya gudu ne ba ka dawo da ƙwallon ciki ba. A firem na gaba, wato hoto na gaba da wasan zai zana, tana nan a waje, sharaɗin ya sake cika, alamar ta sake juyawa, haka za ta yi ta yi. Fara gyara matsayi tukuna: idan x + r (x matsayin ƙwallon daga hagu, r rabin faɗinta) ya wuce 800, mayar da x ya zama 800 − r, sannan vx = −|vx| × 0.8 (|vx| shi ne girman gudun ba tare da alama ba). A hagu kuwa x = r, vx = +|vx| × 0.8. Wannan 0.8 shi ke rage ƙarfin tsalle; 1 na nufin ba ta rasa komai. Ka kuma duba ko x ɗinka tsakiyar ƙwallon ne ko kusurwar sama ta hagu, domin lissafin ya bambanta.

Amsa: Malam, ɓacewar matsala ce daban. A firem 60 cikin daƙiƙa, mai gudun fiksel 1800 a daƙiƙa yana tsallake fiksel 30 a taki ɗaya. Bango mai kaurin 10 ba zai ma san ya wuce ba. Ka tsayar da dt, wato tsawon lokacin taki ɗaya, a 1/60 na daƙiƙa, kada ka bar shi ya bi saurin na'ura, domin waya na ɗan tsayawa dt zai kumbura. Idan da Box2D kake aiki, wato injin lissafin motsi da karo na wasanni, kada ka riƙa canza matsayi da hannu, yana rikita lissafin karo. Gina bango huɗu marasa motsi, masu kauri, a bayan iyakar allo, ka kunna bullet, saitin da ke hana ratsa wasu abubuwa, ga abubuwa masu gudu. Ka tuna Box2D da mita yake aiki ba fiksel ba, kuma ya fi daidai da abu mai girman mita 0.1 zuwa 10.

Amsa: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa: a ƙasa, idan |vy|, girman gudunta zuwa sama ko ƙasa, ya yi ƙanƙanta bayan karo, mayar da shi sifiri, in ba haka ba nauyi zai sa ta rawa har abada. Kuma in girman allo ya canza, sake gina bangon.