Wai ya ake sa sel ɗin idon mutum su daɗe ba su mutu ba a lab?

Ummi_BCH:
Salam, dan Allah a taimaka min. Ina rubuta furojet ɗina akan maganin ɗigawa a ido, duk takardar da na buɗe sai in ga wai an gwada akan sel ɗin idon mutum da ba sa mutuwa, abin ya ɗaure min kai. In har akwai su me ya hana a dasa wa marasa lafiya? Kakata ganinta kullum raguwa yake wlh.

Baban_Hanif:
Wslm ƙanwata, Allah ya ba Kaka lafiya. Sel ɗin mutum in ka ajiye shi a kwalba yakan rabu sau 40 zuwa 60 ne ya tsaya, Leonard Hayflick ya nuna haka tun 1961. Na gani da idona, kana canja musu ruwan nan mai kalar hoda, inkubeta (akwatin ɗumama su) na kan digiri 37, amma wata rana ka leƙa madubin ƙara girma ka tarar sun baje sun yi faɗi kamar soyayyen ƙwai, shikenan sun tsufa. Dalili shi ne bakin kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin sel), bakin nan da ake kira telomiya, duk rabuwa sai ya ɗan gutsure. To a 1998 masu bincike a Amurka suka cusa ƙwayar gado ta hTERT cikin sel ɗin bayan ido, ita ke sa a riƙa cike abin da ya gutsure, sai suka ci gaba da rabuwa abinsu. A Jafan kuma 1995 Araki-Sasaki da abokan aikinsu sun yi da sel ɗin fatar gaban ido, su da ƙwayar gadon bairos SV40 suka yi amfani, wadda ke danne p53 da Rb.

Sadiya_Lab:
Yaya ka bar mata rabin tambaya. Ummi, p53 da Rb ɗin nan su ne birkin da ke hana sel rikiɗewa ya zama ciwon daji, wa zai cire birki sannan ya sa a idon kakarsa? Na gwaji ne kawai, kuma suna rage yawan zomayen da ake ɗiga wa sinadari a ido. Amma ki kula sosai, in sun daɗe halinsu na sauyawa, kar ki rubuta kamar sakamakonsu daidai yake da na ido mai rai.

Ummi_BCH:
Nagode Yaya, nagode Anti. Sel ɗin bayan idon nan da ake kira ARPE-19 fa, shi ma cusa masa ƙwayar gado aka yi?

Baban_Hanif:
A'a, shi da kansa ya ɗore, daga idon wani saurayi ɗan shekara 19 da ya rasu aka samo shi. Kaka kuma a kai ta likitan ido ya duba, in yanar ido ce aikin tiyata na gyara ta.